Shekara 75 a Hannun Kamfani: Nazarin Lamarin Fakin da Tara a Birnin Shikago

A farkon shekarar 2009, duk wanda ya shiga tsakiyar birnin Shikago da mota yana son ya ajiye ta a gefen titi na tsawon awa biyu, sai ya tanadi kwandala ashirin da takwas a aljihunsa. Kuɗin fakin na awa guda a wannan yanki ya koma dala uku da rabi, alhali tsofaffin mitocin da ke jere a bakin titi, masu kama da sandar ƙarfe da aka ɗora wa kai, kwandalar santi 25 suka saba haɗiya. A cikin unguwanni kuwa, kwandala ɗaya da a da take sayen awa guda cur ta koma sayen minti goma sha biyar. Sai cikin mitocin ya riƙa cika tun kafin masu kwashewa su zagayo, ramin zuba kuɗin ya toshe, mai mota ya tsaya cikin sanyin hunturu yana cusa kwandala tana ƙin shiga, idan ya gaji ya kama gabansa, ya dawo ya tarar da ambulan mai ruwan lemo maƙale a gilashin motarsa, da takardar tara a ciki. Haushi ya kai wasu ga fesa wa mitocin fenti, wasu suka liƙe ramukan da gam, wasu ma suka farfasa su.

Wannan hargitsi bai daɗe ba. Cikin watanni aka tumɓuke tsofaffin mitocin, aka kafa akwatunan biya na zamani masu karɓar katin banki, daga baya kuma aka samu damar biya ta waya. Abin da bai wuce ba, kuma ba zai wuce ba sai a shekarar 2084, shi ne yarjejeniyar da ta haifar da shi. Hukumar birnin Shikago, birni na uku a girma a Amurka mai mutane kusan miliyan 2.7, ta ba wani kamfani mai zaman kansa hayar wuraren fakin kusan 36,000 na gefen titunanta har tsawon shekara 75, a kan kuɗi kimanin dala biliyan 1.15 da ta karɓa a dunƙule. Hujjar wannan nazari ita ce abin da birnin ya rabu da shi ya fi mitoci da kwandaloli nesa ba kusa ba: ya rabu da ikon yanke shawara a kan titinsa ba tare da ya biya wani diyya ba, ya kuma riƙe wa kansa ɓangaren aikin da ya fi ɗaci, wato bin talaka da takardar tara.

Abin da ake nufi da dokar gefen titi

Kafin a fahimci girman abin da aka yi, ya kamata a gane cewa a birni irin Shikago, wannan siririn fili da ke tsakanin hanyar motoci da hanyar masu tafiya a ƙasa yana da masu nema da yawa. Mai shago yana son motocin da ke ƙofarsa su riƙa sauyawa domin masu sayayya su samu wuri, mazaunin unguwa yana son ya kwana da motarsa kusa da gida, motar bas tana son wurin tsayawa, masu kashe gobara suna son a bar musu bakin famfunan ruwansu a buɗe, masu shara da masu kwashe dusar ƙanƙara suna son titi babu kowa a wasu lokuta. Dokokin fakin hanya ce ta raba wannan fili tsakanin waɗannan mabuƙata. Daga watan Afrilu zuwa Nuwamba ana liƙa alamun ranar sharar titi, wanda ya bar motarsa a wurin ya sha tara. Wasu unguwannin ba a fakin cikinsu sai da takardar izinin mazauna. Kowane mazaunin birnin mai mota wajibi ne ya sayi sitikar birni a kowace shekara ya manna a gilashin gaba.

Dokar da ta fi kowacce tsanani ita ce ta hunturu. Daga ranar 1 ga Disamba zuwa 1 ga Afrilu, an hana ajiye mota daga ƙarfe uku na dare zuwa bakwai na safe a manyan tituna masu tsawon mil 107, ko dusar ƙanƙara ta sauka ko ba ta sauka ba. Wannan doka ta samo tushe ne daga bala'in ƙanƙarar 1979, lokacin da motocin da aka bari a kan hanya suka hana motocin kwashe ƙanƙara wucewa, birnin ya tsaya cik, har fushin jama'a ya yi awon gaba da kujerar magajin gari Michael Bilandic, Jane Byrne ta kayar da shi a zaɓen fidda gwani. Har yanzu, kowace shekara da asubahin 1 ga Disamba, janwe-janwe suna fita su kwashe motoci masu yawa na waɗanda suka manta, mai mota ya fito da shirin tafiya aiki ya tarar da wayam, sai ya bi sawu zuwa filin da ake tsare motoci ya biya kuɗin ja dala 150, da tara dala 60, da kuɗin kwanan mota. Dokar tana da zafi, amma tana da dalilin da kowa zai iya gani da idonsa, kuma idan mutanen birnin suka ga ta ishe su, wakilansu na iya sauya ta gobe ba tare da sun nemi izinin kowa ba. Wannan shi ne ma'aunin da za a auna abin da ya faru a 2008.

Kwana uku a watan Disamba

Ƙarshen 2008 lokaci ne na durƙushewar tattalin arziki a Amurka. Bankuna suna rushewa, harajin da birane ke samu daga cinikin gidaje ya ƙafe, kasafin kuɗin Shikago yana da giɓin ɗaruruwan miliyoyin daloli. Magajin gari Richard M. Daley, wanda ke kan mulki tun 1989 kuma majalisar birnin ba ta saba yi masa musu ba, ya riga ya ɗanɗana wata hanyar samun kuɗi ba tare da ƙara haraji ba. A 2005 ya ba da hayar babbar hanyar Skyway ta shekara 99 a kan dala biliyan 1.83, a 2006 kuma ya ba da hayar manyan garejojin ƙarƙashin ƙasa na tsakiyar birni, su ma shekara 99, a kan dala miliyan 563. Mitocin gefen titi, waɗanda a lokacin suke kawo wa birnin dala miliyan ashirin da 'yan kai a shekara, su ne na gaba a layi.

An sanar da yarjejeniyar ranar 2 ga Disamba, kwamitin kuɗi ya duba ta washegari, majalisa ta kaɗa ƙuri'a ranar 4 ga wata. Takarda ce mai ɗaruruwan shafuka, cike da lissafin diyya da sharuɗɗan da sai ƙwararren lauya ya zauna ya warware su, amma aka ba kansiloli kimanin kwana biyu su yanke hukunci a kan abin da zai ɗaure jikokinsu. Arba'in suka amince, biyar suka ƙi, wato Toni Preckwinkle, Leslie Hairston, Billy Ocasio, Scott Waguespack da Rey Colón. Waguespack, wanda a lokacin sabon shiga ne a majalisar, ya zauna da ma'aikatan ofishinsa sun yi nasu lissafin a gurguje, ya gargaɗi abokan aikinsa cewa darajar abin da ake shirin bayarwa ta ninka abin da za a karɓa. Ba a saurare shi ba.

Wanda ya karɓi hayar kamfani ne da aka kafa domin wannan ciniki, mai suna Chicago Parking Meters, wanda asusun zuba jari na bankin Morgan Stanley ya riƙe kaɗan fiye da rabinsa, sauran kuma ya shiga hannun kamfanin inshora na Allianz na ƙasar Jamus da hukumar zuba jari ta Abu Dabi. Gudanar da aikin yau da kullum aka danƙa wa kamfanin LAZ Parking, aka kammala miƙa ragama a watan Fabrairun 2009. Ba na ganin laifin waɗannan masu jari a nan. Ɗan kasuwa ya ga kaya da araha a hannun mai gaggawar sayarwa, ya saya, kuma ko a kasuwar ƙauye an san wanda yunwa ta koro da buhunsa ba shi ke yanka farashi ba. Tambayar tana wuyan waɗanda aka ba amanar kayan.

Wata shida bayan ƙuri'ar majalisa, a watan Yunin 2009, babban sufeton birnin David Hoffman ya fitar da rahoton bincikensa. Ya ƙiyasta cewa da birnin ya riƙe mitocin ya yi irin ƙarin kuɗin da ya amince wa kamfanin, da darajar tsarin a wurinsa ta haura dala biliyan biyu, wato an karɓi aƙalla dala miliyan 974 ƙasa da abin da ya kamata. Ya kuma nuna cewa hukumar ba ta yi lissafin abin da mitocin za su kawo mata idan ta riƙe su ba, ba ta auna yiwuwar ba da haya ta gajeren zango ba, majalisa kuma ba ta samu lokacin muhawara ta gaskiya ba. A 2010, takardun da kamfanin ya nuna wa masu ba shi rance sun bayyana cewa yana sa ran tara kusan dala biliyan 11.6 a tsawon wa'adin. Adalci ne a faɗi cewa dalar da za a karɓa bayan shekara sittin ba daidai take da dalar yau ba, saboda haka kwatanta biliyan 11.6 da biliyan 1.15 kai tsaye zalunci ne ga lissafi. Sai dai abin da ya biyo baya ya raba gardama: kuɗin shigar kamfanin ya kai kusan dala miliyan 139 a 2019, ya haura miliyan 150 a 2023, kuma tun kafin a cika shekara goma sha biyar masu jarin sun mayar da uwar kuɗinsu har da ribar ɗaruruwan miliyoyi, ga shekara sittin tana jiransu a gaba.

Kuɗin da birnin ya karɓa kuwa, an yi alkawarin ajiye dala miliyan 400 daga cikinsu a asusun dogon zango, domin abin da asusun zai riƙa haifarwa ya maye gurbin kuɗin da mitoci ke kawowa a da. Alkawarin bai yi ƙarko ba. Kasafin 2010 da na 2011 suka zo da giɓinsu, aka riƙa kai hannu cikin asusun, kafin Daley ya sauka daga mulki a watan Mayun 2011 mafi yawan kuɗin shekara 75 ya tafi wajen biyan albashi da ayyukan yau da kullum na shekara biyu zuwa uku. Bayan saukarsa ya shiga kamfanin lauyoyi na Katten Muchin Rosenman, wanda ya yi wa birnin aikin lauya a wannan ciniki. Babu kotun da ta same shi da laifi a kan haka, amma abin ya ƙara wa mutanen birnin zargi a zuciya.

Akuyar da ta dawo tana cin danga

Yawancin masu ƙorafi a kan wannan lamari farashi suke kallo, kuma lallai farashin ya yi tsalle. A unguwanni ya tashi daga santi 25 zuwa dala ɗaya a 2009, ya riƙa hawa duk shekara har ya kai dala biyu a 2013. A ƙwaryar birni da ake kira Loop ya tashi daga dala uku zuwa dala shida da rabi a wannan tsakani. Amma a ganina ƙarin kuɗin ba shi ne kuskuren ba. Santi 25 a awa, farashin da ya shafe shekara da shekaru ba a taɓa shi ba saboda babu ɗan siyasar da ke son ɗaukar baƙin jinin, kyauta ce a fakaice ga duk wanda ya riga kowa zuwa. Ma'aikaci ya kafa motarsa a ƙofar shagon wani tun safe har yamma, masu sayayya suna ta zagaye layi suna ƙona mai suna neman gurbi. Bayan ƙarin, samun wuri ya yi sauƙi a titunan kasuwanci da dama, kuma akwatunan biya sun fi tsofaffin mitoci inganci. Birnin San Francisco ya kama wannan hanya a 2011, yana ɗaga farashi inda cunkoso ya yi yawa, yana sauke shi inda wurare ke zaune babu kowa, amma ya riƙe tsarin a hannunsa, kuɗin yana shiga asusun sufurin jama'a. Shikago ma tana iya yin haka. Majalisar da ba ta da ƙarfin halin ƙara kuɗin fakin domin amfanin birninta, ita ce ta amince da ƙarin a cikin kwana biyu domin amfanin wani.

Inda ciwon yake shi ne a sharaɗin diyya. A rubuce, birnin yana nan da ikonsa: shi ke tsayar da farashi, shi ke tsayar da awannin biya, shi ke da ikon cire mita ko rufe titi. Amma kwangilar ta ba kowane gurbin mota ƙima ta kuɗi, ta kuma tanadi cewa duk matakin da birnin ya ɗauka wanda ya rage ƙimar tsarin fiye da iyakar da aka yarda, sai ya biya kamfanin abin da ya rasa. Idan an rufe layi domin gyaran bututun ruwa na tsawon lokaci, ko domin bikin unguwa, akwai lissafi. Idan injiniyoyin birni suka ga wata mahaɗa tana cin rayuka, suna son cire guraben mota huɗu domin direba ya riƙa hango mai tsallaka titi, akwai lissafi. Idan ana son keɓe wa motocin bas layinsu, ko a yi wa masu keke hanya, ko a faɗaɗa wurin masu tafiya a ƙasa, sai an biya ko an nemo wa kamfanin wasu guraben masu daraja ɗaya a wani wuri, abin da ke sa mitoci su ɓulla a titunan da ba a taɓa biyan fakin ba. Bahaushe ya ce ba a sayar da akuya ta dawo tana cin danga, to wannan akuya an sayar da ita ne da sharaɗin cewa dangar ma tana cikin abincinta.

Mutum ya yi tunanin abin da shekara 75 ke nufi a rayuwar birni. Wanda ya tsaya a Shikago a 1934 ba zai iya hasashen yadda titunanta za su kasance a 2009 ba. Haka nan babu wanda ya san ko mutanen 2060 za su so a ci gaba da jera motocin ƙashin kai a gefen hanya, ko za su fi son itatuwa, ko layin jirgi, ko rumfunan kasuwa. An yanke musu hukunci tun kafin a haife su, cewa mota a tsaye ita ce ma'aunin darajar titinsu, kuma duk abin da suka zaɓa ban da ita sai sun saye shi da kuɗin harajinsu. Ko jinginar gona tana da sauƙi a kan wannan, domin mai gona yana fansar abarsa da kuɗin da ya karɓa duk ranar da Allah ya hore masa, alhali a nan fansa ba za ta yiwu ba sai da farashin da mai riƙe da kayan ya yarda da shi, wanda ya yi wa kuɗin farko nisa.

Rigimar farko ta ɓarke a zamanin Rahm Emanuel, wanda ya gaji Daley. Kamfanin ya aiko da takardun neman diyyar miliyoyin daloli masu yawa, saboda rufe tituna da kuma saboda masu katin naƙasa, waɗanda dokar Jihar Illinois ta ba su damar fakin kyauta, kuma mutane masu lafiya da yawa suna amfani da katin 'yan'uwansu. Emanuel ya ƙi biya, aka ja daga, a 2013 aka yi sulhu. Birnin ya biya fiye da dala miliyan 60 na tsofaffin buƙatu, aka sauya yadda ake lissafin diyya, aka dawo da fakin kyauta ranar Lahadi a yawancin unguwannin da ke wajen tsakiyar birni, amma a madadin haka aka ƙara awa ɗaya a kan lokacin biya da dare, a unguwar River North mai gidajen cin abinci kuma aka kai shi har ƙarfe goma sha biyun dare. Daga 2014 jihar ta taƙaita fakin kyauta ga masu naƙasar da ke hana su isa akwatin biya. Sulhun ya rage zubar jini, amma ko rana ɗaya bai rage daga wa'adin ba.

Takardar tara da wanda take kamawa

Kuɗin mita na kamfani ne, kuɗin tara na birni ne. Ma'aikatan kamfanin ma suna da izinin rubuta tara ga wanda lokacinsa ya ƙare, amma abin da aka biya asusun birni yake shiga. Wannan rabo ya sa muradin ɓangarorin biyu ya haɗu a wuri guda: kamfani yana son a tsananta sa ido domin kowa ya ji tsoron ƙin biya, birnin da ya rasa kuɗin mita kuma yana ƙara jingina ga tara domin cike kasafinsa. Mai rubuta tara shi ke shan zagi a bakin titi, ribar tsoron da yake dasawa tana tafiya wani wuri, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Ba na cewa kwangilar ce ta ƙirƙiro tsarin tarar Shikago, domin ya girme ta, kuma mafi munin tarar ma ba ta mita ba ce. Amma tunani ɗaya ne ya haife su, wato kallon gefen titi a matsayin rijiyar kuɗi kafin a kalle shi a matsayin wurin da ake tsara zirga-zirgar jama'a.

A 2018 'yan jaridar ProPublica da gidan rediyon WBEZ suka bi diddigin bayanan tara na shekaru masu yawa. Sun gano birnin yana rubuta tara fiye da miliyan uku a shekara, idan aka haɗa ta fakin da ta sitika da ta kyamarorin hanya, kuma a 2016 hakan ya kawo kusan dala miliyan 264, kimanin kashi bakwai cikin ɗari na kasafin gudanarwa. Sun kuma gano cewa a cikin yankuna goma da bashin tara ya fi yi wa katutu, takwas na baƙaƙen fata ne mafiya rinjaye.

Yadda tarkon ke aiki a lokacin binciken ya cancanci a bi shi mataki-mataki, domin babu mataki ɗaya a cikinsa da ya yi kama da zalunci idan aka ɗauke shi shi kaɗai. A ɗauki mai aikin albashin awa-awa wanda sitikarsa ta ƙare a watan da kuɗin haya ya cinye abin hannunsa. Sitikar ba ta kai dala ɗari ba a lokacin, amma tarar rashinta, wadda aka ɗaga daga dala 120 zuwa 200 a shekarar 2012, ta ninka kuɗinta fiye da sau biyu. Ba shi da gareji, a titi motarsa ke kwana, saboda haka kullum tana idon mai rubuta tara, har akan rubuta masa biyu a rana ɗaya, alhali mai gidan da ke da gareji motarsa tana ɓoye a bayan ƙofa. Idan wa'adin biya ya wuce tarar ta ninka, idan ta je hannun masu karɓar bashi a ƙara kashi 22 cikin ɗari, dala 200 ta zama 488. Tara uku da ba a biya ba sun isa a zo a garƙame tayar motar da marin ƙarfe mai launin rawaya, idan awa 24 ta wuce ba a biya ba janwe ya ɗauke ta, kuɗin tsarewa yana hawa kowace rana, a ƙarshe a sayar da ita ko a niƙe ta, bashin kuma yana nan. A lokacin, tarar fakin goma ta isa a dakatar da lasisin tuƙi. Wanda birni ke bi bashi ba ya samun aikin hukuma, ba ya tuƙa tasi. Ta haka mutumin da ya kasa biyan dala ɗari ya rasa motar da ke kai shi wurin da zai samo kuɗin biya.

Mafitar da ta rage wa dubban mutane ita ce zuwa kotu su ayyana karayar arziki, a ƙarƙashin tsarin da ke ba mutum damar biyan bashinsa a hankali cikin shekara uku zuwa biyar, domin shigar da ƙarar yana dawo da lasisi. Binciken ya nuna a 2007 kimanin ƙararraki 1,000 irin waɗannan ne suka ƙunshi bashin tarar birnin, a 2017 sun haura 10,000. Yawancinsu kuma ba sa kai wa ƙarshe, mutum ya biya lauya, ya kasa ci gaba da biyan kason wata-wata, a kori ƙarar, ya koma inda ya fito da ƙarin nauyi. Birnin ya riƙa ƙin sakin motocin da ya tsare ko bayan an shigar da irin wannan ƙara, maganar ta kai Kotun Ƙolin Amurka, wadda a watan Janairun 2021 ta yanke cewa ci gaba da riƙe motar kawai bai saɓa wa sashen dokar da ake jayayya a kansa ba.

A wannan ɓangare dai an samu gyara na gaske, kuma ya kamata a lura da dalilin da ya sa ya yiwu. A 2019, ƙarƙashin magajiyar gari Lori Lightfoot, majalisar birnin ta daina neman dakatar da lasisi saboda tarar da ba ta shafi tuƙin ganganci ba, ta rage hukuncin jinkirin tarar sitika daga dala 200 zuwa 50, ta sauƙaƙa kuɗin da ake fara ajiyewa kafin a shiga tsarin biya kaɗan-kaɗan. A watan Janairun 2020 Gwamna J.B. Pritzker ya sa hannu a dokar da ta hana dakatar da lasisi saboda tarar fakin a faɗin jihar, dubban mutane suka samu lasisinsu ya dawo. Gyaran bai share bashin da ya taru ba, kuma har yanzu kasafin birnin yana dogaro da tara. Amma 'yan jarida sun tona, jama'a sun yi kuka, zaɓaɓɓu sun sauya doka cikin shekara biyu, saboda dokar tara tana hannun waɗanda ake iya kayarwa a akwatin zaɓe.

A ɓangaren mita kuwa, magadan gari uku sun zo bayan Daley, kowannensu ya la'anci kwangilar a bainar jama'a, babu wanda ya iya kwance ta. Masu fafutuka sun gwada kotun jiha, suna cewa birni ba shi da hurumin sayar da ikonsa na tsara tituna, ba su yi nasara ba. Wasu direbobi sun gwada kotun tarayya da hujjar cewa an ba kamfani ɗaya damar mamaye kasuwa, kotun ɗaukaka ƙara ta yi watsi da ƙarar a 2023, inda ta nuna cewa ko da cinikin wauta ne ko rashin hangen nesa, wannan bai mayar da shi haramtacce ba, tunda dokar jiha ta ba birnin ikon yin sa. Mai karatu da ya san Abuja zai tuna cewa a can ma an taɓa danƙa karɓar kuɗin fakin na gefen titi ga kamfanoni, har Babbar Kotun Birnin Tarayya ta dakatar da tsarin a 2014 bisa hujjar cewa babu dokar da ta kafa shi. A Abuja rashin bin ƙa'ida ne ya ba kotu ƙofar shiga. A Shikago an bi kowace ƙa'ida, an kira zama, an kaɗa ƙuri'a, manyan lauyoyi sun rubuta kowane sharaɗi da kyau, saboda haka alƙalai ba su samu inda za su sa hannu ba. Jaririn da aka haifa a Shikago a makon da aka miƙa mitocin zai kasance dattijo ɗan shekara 75 ranar da birnin zai sake samun damar cire gurbin mota ɗaya daga ƙofar makarantar unguwarsu ba tare da ya fara buɗe kwangilar 2008 ya duba nawa za a biya ba.